Ladi Mai Dogon Wuya Ta Daina Ɗiga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Kambai na Withington a Manchester, a madadin kaina da abokina kuma yayana Dung na Handsworth a Birmingham, wanda ke kwance a asibiti ba zai iya sa hannu ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tukunyarmu ta tace barasa, wadda aka fi sani da Ladi Mai Dogon Wuya. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a rumfar bayan gidan Dung, sakamakon dukan taɓarya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Mai doguwar jinyar daban ne, zan zo kansa.

An haifi marigayiya a wannan rumfa da ta mutu a ciki, gab da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu. Dung mai gyaran famfo ne, a lokacin yana aiki da wani kamfani mai gyara gidajen council, wato na ƙaramar hukuma. Wata rana aka ce ya jefar da wani tsohon tankin ruwan zafi na jan ƙarfe, shi kuwa ya dube shi ya ga ba na jefarwa ba ne. Ya kawo shi gida, ya yanke, ya bubbuga, ya yi masa walda, ya lanƙwasa masa dogon bututu. Ya gama ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, shi ya sa aka raɗa mata suna Ladi. Ni na kama masa ƙarfen yana walda, don haka a wurinta ni kawu ne.

Kada mai karatu ya ɗauka mashaya ne suka haɗu. Mahaifiyar Dung mai dafa burukutu ce a wajen Bukuru, cikin ƙamshin jiƙaƙƙiyar dawa ya tashi. Ni kuma na baro Zonkwa na zo ina tuƙa bas a ƙasar da ake gaisawa da rabin baki. A nan kowa da abin da yake kashe ranar hutunsa da shi. Wasu kamun kifi suke zuwa, su kama su sake mayarwa ruwa. Wasu kurciyoyi suke kiwo. Mu zama muke yi a gaban tukunya tun safe har la'asar, a kan abin da bai fi cika kwalba biyu ba, kuma yawancinsa kyauta yake tafiya lokacin Kirsimeti. Ba abin shan ne ya dame mu ba, zaman ne.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, kuma ta koya wa na kusa da ita haƙuri ko suna so ko ba sa so. Ba ta son gaggawa. In ka ƙara mata wuta don ka matsu, sai ta ba ka abin da zai ƙone maka maƙogwaro ka kwana kana tari. Ba ta zaɓen abinci: dawar da muke saye a shagunan Soho Road ta ci, tuffar da ta faɗo daga bishiyar bayan gida ta ci. Ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ba a taɓa sayar da ɗigo ɗaya nata ba. Sai dai a faɗi gaskiya tunda ta riga mu gidan gaskiya: dokar ƙasar nan ba ta san da zamanta ba. Ta rayu ta mutu ba ta da takarda, ba kuma ita kaɗai ba ce a unguwar.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ita ba zai manta muryarta ba. Takan fara da gurnani can cikin ciki, gur-gur-gur, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Sai ta yi shiru, shirun da zai sa baƙo ya ce ta mutu. Can sai ka ji ɗis. Sai wani ɗis. Daga nan ta kama hanya, ɗis, ɗis, ɗis, har yamma. Ni da Dung mukan wuni ba mu ce wa juna komai ba, ita take magana a madadinmu.

Gida biyu gare ta. Takan yi wasu watanni a Handsworth, sannan a kawo ta Manchester ta ga dangi. A kujerar baya muke zaunar da ita, mu ɗaura mata bel, mu lulluɓe ta da zanen zumuntar mata na matata Celestina, mu hau babbar hanyar M6. Celestina ta daɗe tana neman zanen nan, ranar da ta gano inda yake zuwa kuwa na ji abin da na ji. Maƙwabcina Alhaji Sunusi, akanta ne kuma mutumin kirki, bai taɓa kusantar marigayiya ba, bai kuma taɓa tona mata asiri ba. In ƙamshi ya tsallaka katanga sai dai ya ce, "Baban Eli, yau ma kunu ake damawa?" In ce masa eh, Alhaji, kunu ne. Ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Akwai wata al'adar marigayiya da dole a faɗa, domin ba za a gane mutuwarta ba sai da ita. Abin da tukunya irin wannan ta fara ɗigarwa ba a sha. Guba ne, zubarwa ake yi, sai na tsakiya ne mai kyau. Ranar farko da na ɗauki kofin zan juye a magudanar ruwa, Dung ya riƙe hannuna. Ya ce a gidan kakansa ba a kai ƙoƙon farko baki sai an zuba wa waɗanda suka riga mu. Tunda dole a zubar, to a zubar da mutunci. Daga ranar, a gindin bishiyar tuffa ta gidan Dung muke zubawa, shi yana kiran sunaye. Ya fara da mahaifinsa Da Pam. Daga baya aka ƙara mahaifiyata Kande, wadda aka binne ina kan sitiyari a Wilmslow Road, domin ba a ba ni hutu ba kuma kuɗin jirgi ya fi ƙarfina. Ban ga kabarinta ba har yau. Abin da na gani shi ne wannan ɗan wuri a gindin tuffa, inda ciyawa ta ƙone ta bar ƙasa tsirara saboda yawan zubawa. Nan nake tsayawa in gaishe ta.

A shekarar farko muka cika wata kwalba da mafi kyawun abin da Ladi ta taɓa bayarwa, muka toshe ta da kakin kyandir, aka ba ni ajiya. Dung ya ce, "Kambai, ranar da na mutu kada ka ba ni na farkon nan, ni ba na shan guba. Ka buɗe wannan, ka zuba min na tsakiya." Na ce to, Yaya. Muka yi dariya.

Ciwon ajali ya fara ne shekarar da aka yanke wa kamfanin su Dung kwangila. Ya kira ni a waya ya ce, "Sun ce redundancy ne, ba kora ba. Ƙanena, kai da ka fi ni boko, mene ne bambancin?" Mutum ya haura hamsin, hannunsa ya san kowane bututu a rabin Handsworth, aka ce ya je ya zauna gaban kwamfuta ya nemi aiki. Laburaren da yake zuwa don kwamfutar ma aka rage masa kwanakin buɗewa. Matarsa Scholastica, wadda muke kira Maman Margaret, ta ƙara awoyi a gidan kula da tsofaffi, tana fita da duhu tana dawowa a gajiye. Gida ya rage daga Dung sai Ladi.

Ta daina zuwa Manchester. In na tambaya sai ya ce ta tsufa, hanya tana wahalar da ita. Da bazara na samu hutu na je. Na shiga bayan gida, na nufi gindin tuffa in gaishe da Kande, sai na rasa wurin. Ciyawa ta rufe shi, kore shar, har ta fi ta ko'ina tsawo. Na ce a raina to, ya daina kunna ta ke nan. Na shiga rumfa na taɓa cikin Ladi, na ji ta da ɗumi.

Na ce, "Yaya, su Da Pam sun daina sha ne?"

Ya ce, "Su ma an yi musu cuts, an rage musu kaso."

Yana dariya, amma fararen idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Na ce zan tafi da Ladi Manchester ta huta. Ya tsaya a ƙofar rumfar, mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, ya ce a hankali, "In ka ɗauke ta, in zauna da wa?" Na tare Maman Margaret a bakin ƙofa na gaya mata abin da na gani. Ta ce ta sani, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Saboda adalci ga wadda ba ta da bakin kare kanta, ina so a sani cewa ba ita kaɗai ba ce. Da aka kwashe rumfar an samu tulin gwangwanayen giyar arha ta shagon kwana, wadda ba ta da dangantaka da marigayiya ko ta nesa. Ladi ba ta taɓa kiran kowa ba, ba ta taɓa kunna kanta ba. Amma tana wurin, tana da ɗumi, kuma tana amsawa in an yi mata magana. Ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Na nema, na gaji.

Yanzu Dung yana babban asibitin koyarwa na Edgbaston. Hanta ce. Ranar Talata Maman Margaret ta dawo daga wurinsa, ko takalmi ba ta cire ba, ta ɗauki taɓaryar da take daka doya da ita, ta shiga rumfa. Maƙwabta sun ce sun ji ƙara kamar ana buga ƙararrawar coci, kwang, kwang, sannan muryar ta dushe ta koma kwaf, kwaf. Wannan ce maganar marigayiya ta ƙarshe.

Bayan nan ta kira ni. "Baban Eli, ka zo ka kwashe 'yarku kafin bin day, ranar kwasar shara. Consultant, babban likitan, ya ce ba za su sa shi a list na dashen hanta ba sai ya yi watanni ko ɗigo bai sha ba. Ka ji? Ko ɗigo. In ma ya kai lokacin." Sannan ta ce, "Kuma don Allah kada ka je ward ɗin da yake kwance. In ya gan ka, ita zai tuna."

Na je na ɗauko gawar. Wuyan ya karye gida biyu, cikin ya lotsa. Na ɗaura mata bel kamar kullum. A hanya na wuce mahaɗar da ake juyawa zuwa asibitin, na kalli allon, na miƙe. Ban yi kuka ba. Na duba cikina ko zan ji wani abu, ban ji komai ba, sai ƙarar ƙarfe a kujerar baya duk lokacin da na taka burki. Iyalan marigayiya ba za su kai kowa ƙara ba. Da ni ne Maman Margaret, da dukan ya fi haka.

Marigayiya ta bar jarkoki, da mazurari, da ma'aunin zafi wanda ya tsira domin yana aljihun rigar Dung, da rabin buhun dawa da Celestina ta ce za ta yi kunu na gaske da shi. Ta bar taɓarya guda, wadda ita ma ta tsage. Ta bar kwalba ɗaya mai kakin kyandir a baki. Ta bar mahaifinta Dung, wanda har yanzu ba a gaya masa ba, da kawunta, wato ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da safe, a ɗan filin ciyawar da ke bayan gidana a Withington. Za a wanke ta, a naɗe ta a zanen zumuntar mata, wanda mai shi ta ce ta yafe. Daga nan za a raka ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe, inda za ta koma abin da ta fito. An ɗauke wa Fasto nauyin halarta. Alhaji Sunusi ya ce zai tsaya daga nasa gefen katangar. Za a sha zoɓo da shayi, kada kowa ya zo da wani abu a aljihu. Masu son yin ta'aziyya kada su kira Maman Margaret, su yi wa mijinta addu'a kawai.

Kafin a ɗaga gawa zan fasa kakin kwalbar nan. Dung ne mai kiran sunaye, amma bana ni zan kira: Da Pam, da Kande, da sauran waɗanda aka binne ba mu nan. Sun daɗe ba a ba su komai ba, wannan karon na tsakiya za su sha. Celestina ta ce in rage kaɗan a ƙasan kwalbar, ko don alkawarin da na yi. Na ce mata a'a. Zan juye ta duka, in girgiza, in kife ta a kan ciyawa har ta bushe. Duk wanda aka bari ya shiga wurin Dung, ya gaya masa Ladi ta rasu, kwalbarsa kuma ta ƙare, ko ya mutu ba ni da abin da zan zuba masa. Sai ya haƙura ya tashi.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma tsayar da shi a kan wannan ɗaya.

Kambai, a madadin iyalai.