Yadda Na-Iya Ya Gyara Rediyon Surukinsa

"Ni fa inji in ya gan ni da sukudireba a hannu, da kansa yake warkewa."

Maganar mijin yayata ke nan, wanda muke kira Na-Iya, don tun da ya shigo danginmu ba a taɓa ambaton wani aiki ya ce bai iya ba. Kai mai karatu, kar cika bakin ya ruɗe ka. Fenti yake sayarwa, kuma iyakar gyaran da na san ya taɓa yi shi ne canza ƙwan lantarki, shi ma sai da aka riƙe masa kujera.

Mahaifinmu yana da wata tsohuwar rediyo, mai jikin katako da sifika biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ta girme mu duka. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, ita ce abokiyar hirarsa, kullum da hantsi yana gabanta da kofin shayi. To, sai sifikar hagu ta fara wani shuu da ƙarƙar, kamar ana suya a ciki. Ta dama kuwa garau.

Baba ya ce, "A kira mai gyara."

Na-Iya ya dafe ƙirji. "Haba Baba, ina raye? Minti biyar ya yi yawa."

Kunyar suruki ta hana Baba musu.

Gogan naka ya taɓa jin cewa masu gyara sukan sauya sifiku don su gane inda ciwo yake. Abin da bai ji ba shi ne, wayoyin ake sauyawa. Sai ya rungumi akwatin sifikar hagu da wayarsa ya kai dama, ya kinkimo na dama ya kawo hagu, yana nishi. Aka kunna.

"Kun ji? Hagu ta warke."

Yayata ta ce, "To ai ga shi dama ta kama."

"Cutar ce ta yi ƙaura. Yanzu na san hanyarta, zan tare ta."

Ya kwance bayan rediyon, ya zuba sukuru goma sha biyu a cikin kofin shayin Baba, bai ma lura da sauran shayi a ciki ba. Ya leƙa, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ya saba gani. Wai ya san akwai wani ruwa da ake fesawa, don haka a miƙo masa gwangwanin da ke kan taga.

Na ce, "Yallaɓai injiniya, wannan fa maganin sauro ne."

"Duk feshi feshi ne, ƙanina. Kamfani ne kawai daban."

Ya fesa har falon ya turnuƙe. Muka fita muna tari, muka dawo. Suyar da ake yi a sifika ta koma ruwan sama a kan kwano.

Yayata ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baban yara, don girman Allah ka rufe ta haka. Dubi fuskar Baba."

"Ke dai ba ni filaya."

A nan ne basira ta sauko masa. Ya lura cikin rediyon gida biyu ne iri ɗaya sak, kowane ɓangare da 'yan kayansa. Ya ce ai shi ke nan, mai lafiya zai taimaki mara lafiya. Ya sa filaya ya dinga ɓalle 'yan ƙananan abubuwa daga ɓangaren da ke aiki yana cusa su a ɗayan, yana ɗaure su da zaren ɗinki. Soket kuwa yana jone, don a cewarsa gwani ba ya kashe wuta.

Sai muka ji tas. Wani shuɗin haske ya gilma, hayaƙi ya tashi, filaya ta yi gabas, Na-Iya ya yi yamma, ya zauna daɓas a kan tiren shayin Baba. Sifika mai lafiya ta yi shiru har abada. Mai ciwon kuwa ko gezau, tana ta shuu abinta. Garin neman gira an rasa ido.

Da yamma na ɗauko mai gyara na gaskiya, wani dattijo mai tabarau. Ya murɗa maɓallin ƙara gaba da baya kamar sau ashirin, shuu ɗin ya ɗauke ɗif.

"Ƙura ce kawai ta taru a nan," in ji shi. "Amma wannan ɓangaren ya ƙone, kuma an daina ƙera kayansa tun ina saurayi."

Baba ya shafa katakon rediyon a hankali. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Na-Iya na raɓe a bakin ƙofa yana tsotson yatsa.

Mai gyara ya ƙara leƙawa, ya ɗago guntun waya da zare a jiki, ya shinshina.

"Baba, duk an gwaigwiye cikinta, ga warin magani. Ɓera ne ya shiga?"

Baba ya kalli bakin ƙofa, ya numfasa.

"Ɓera ne, ɗana. Kuma babu halin sa masa tarko, don ni da kaina na ba shi 'yata."