Nomau da Layin Baba Tasalla

A Tsamiyar Kuka akwai wani gida da Allah ya raba wayo bai raba daidai ba. Babban ɗa, Sabi'u, ya kwashe duka har da na maƙwabta, ƙaninsa Nomau kuwa ko ƙyalle bai samu ba. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Suna zaune da mahaifiyarsu Inna Kande da wata tsohuwa, Baba Tasalla, wadda ba dangin iya ba na baba, yanar ido kuma ta kusa makantar da ita.

Da aka kawo rajistar magani kyauta ta gida-gida, aka ba shagon kwamfutar Sabi'u aikin. Shafin intanet ne mai maɓalli biyu: ka danna kore ya buɗe sabon layi na rubuta mutum, ka danna ja ya share. Baba Tasalla ta sa rai za a wanke mata ido, amma Sabi'u ya ce, "Ba jininmu ba ce, ba ta shiga."

Wata rana Sabi'u zai fita, ya ce, "Duk wanda ya shigo ka buɗe masa layi." Mai yankan farce ya shigo, layi. Mai tambayar hanyar tasha, layi. Akuyar liman ta leƙo sau uku, layi uku. Kafin la'asar kwamfuta ta sandare. Sabi'u ya dawo ya dafe kai.

"Yaya, kajin ban sa su ba," in ji Nomau, "a bakin ƙofa suka tsaya."

Wata rana kuma ya ce masa, "Kada ka bar gurbi ko ɗaya fayau." Sai ga Barmo tuzuru ya zo. Aka iso gurbin mata, Barmo ya ce ba shi da ita. Nomau ya duba waje, ya hango Jummai mai ƙosai, ya rubuta ta. Takarda ta fito, labari ya zaga gari. Mijin Jummai kuwa mahauci ne, kuma bai tsaya ajiye wuƙa ba ya taho neman bayani. Ranar Sabi'u ya gane tagar shagonsa ma ƙofa ce, don ta nan ya tsere.

Wata rana, ranar rufe rajista, ya rage gidansu kaɗai. Sabi'u ya kama kunnen Nomau. "Ba akuya, ba matar mutane. Wanda ke cin tuwon gidan nan kawai za ka rubuta. Ka ji?"

Nomau ya zauna yana tuna kwanukan tuwo. Inna tana ci. Shi yana ci, har da ƙari. Baba Tasalla tana ci, ya danna kore. Sai ya ga sunan Sabi'u a layin farko, mutumin da ya raina tuwo tun da ya fara riƙe kuɗi, kullum yana teburin mai shayi. Ya danna ja, ya aika.

Sabi'u ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Inna ta ce, "Kai ka kafa doka, shi ya bi."

Aka yi wa Baba Tasalla aiki, ta dawo tana gani, tana kuka tana shafa kan Nomau. Kunya ta kama Sabi'u. Da aka sauke tuwo, ya wanke hannu ya zauna kusa da tsohuwar.

Nomau ya dube shi da tausayi, ya tura masa kwano.

"Ci dai, Yaya," ya ce. "Amma fa an rufe shafi."