Ranar Da Na Saita Wa Jirgi Alƙibla

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na nuna wa surukina ilimi a tsakiyar teku ba. Lokacin ina karatun fiƙihu a Makka, ina kuma neman auren Safiya, 'yar Baba Usman mai shagon turare a unguwar Mansur. Yarinya ta amince, uwarta ta amince, Baba kaɗai ya ce sai ya ga hankalina tukuna.

Kakanninsa ta Sudan suka shigo, kuma yana da wani ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar Shu'aiba, irin mai ƙyalle da iska ke turawa. Jirgin mahaifinsa ne, yana ji da shi kamar ɗan fari. Da ya tambaye ni ko na san ruwa, sai na gyara zama na ce, "Haba Baba, ni fa ɗan Yawuri ne." (Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne sau uku na taɓa shiga kwalekwale, duk ukun idona a rufe.)

Muka fita mu biyu, muna bin gefen gaɓa. Ya yi mini bayani: shuɗin ruwa zurfi ne, kore a yi hattara, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutsen murjani ne kwance dab da sama. Na riƙa gyaɗa kai irin na wanda ya wuce wannan aji.

La'asar ta yi. Ya damƙa mini sandar tuƙi, ya nuna wani farin ƙarfe da aka kafa alama can gaba. "Ya waladi, ɗana, hancin jirgi a kan wancan. Kada ka taɓa komai."

Ya zauna ya kabbara. Ni kuma babban malami na zaro waya na duba alƙibla, sai na ga Baba ya ɗan kauce. A jirgin da nake tuƙi, sallar dattijo ta tafi a karkace? Na tura sanda a hankali har fuskarsa ta daidaita da Ka'aba cif. Daɗi ya kama ni, har na fara tsara yadda zan ba Safiya labari. Ban tuna cewa daga teku, Makka tana bayan gaɓa ba, gaɓar kuma duwatsu ke tsaronta. Na ga ruwa ya koma ƙasa-ƙasa, na ce a raina ai irin na gida ne.

Ƙarar da katako ya yi har yau tana kunnena. Ƙyalle ya juyo da sandarsa ya kwashe mini hula, ni kuma na bi ta. Na shiga salati ina kiran a cece ni, ina shure-shure, sai na lura ruwan iya gwiwata yake.

Baba bai yanke salla ba. Ya sallame, ya dubi ruwan da ke ɓulɓulowa ta cikin jirgin ubansa. Wannan kallon ya fi mari ciwo, kuma a nan na sallama Safiya.

Ya ce, "Ustaz, Harami za ka kai mu?"

Na ce, "Baba, alƙibla ce na ga ta goce."

"To, ɗayyib. A littafinku, idan jirgi ya juya, wa ke juyawa?"

Mai salla ne ke juyawa. Babin da muka karanta ke nan makon da ya wuce, har na yi wa wani gyara a aji.

Wata biyu ina zuwa Shu'aiba duk Asabar ina miƙa wa kafinta ƙusa, tafin ƙafata duk yankan murjani. Ranar da jirgi ya koma ruwa Baba ya ba ni Safiya. Ya ce mutumin da ya dawo ya tsaya kan ɓarnarsa zai iya riƙe gida, amma ko keken jikokinsa kada in tuƙa.

Yanzu duk Mansur "Rubban" suke kirana, wato kyaftin. Idan dattijo ya ce kada in taɓa komai, hannuna a aljihu yake, wayar ma a kashe.