Ƙwallon Kurket a Aljihun Kaftani

Ni na hayo motar, don haka ni ne malamin tafiya. Mu huɗu muka tashi daga unguwar Al Nahda zagayen filayen wasa da bakin teku. A birnin Sharjah muka shiga kallon kurket, wasan maka ƙwallo da katako da na rantse wa abokaina na haddace shi.

Can aka maka ƙwallo, ta faɗo gabana. Na taɓa gani a waya cewa a Amurka ɗan kallon da ya cafe ƙwallo a wasansu na besbol ta zama tasa. Na sumbace ta, na zura a aljihun kaftani.

Wasa ya tsaya cak. Ashe da ƙwallo ɗaya ake yi. Sai ga fuskata a babban allo, jama'a na ihu, ni kuwa ina ɗaga musu hannu kamar gwamna. Abokina Nura ya rufe fuska da hula.

Wani dattijo ɗan Pakistan ya dafa ni. "Habibi, ƙwallo."

Na ce, "Ai tawa ce."

Sai da masu gadi suka zo sannan na miƙa ta.

Har yau in na je gidan Nura, tun daga ƙofa yake ƙwala wa matarsa kira: "Maman Hanif, ɓoye lemu, Alhaji ya iso!"