Gagara-Yashi Ya Rasu da Tsabtataccen Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wando ɗaya da ya ƙone har gwiwa, Malam Tasi'u ɗan Mahamane na Cadawa, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Cadawa da Gazawa da Sae Sabuwa rasuwar babur ɗinsa, wanda aka fi sani da Gagara-Yashi. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar Gazawa, bayan doguwar jinya ta tsatsar tanki da gajeriyar jinya ta magani. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya a hannun Tasi'u, ban da shekarun da ya yi a hannun dillalin da ya sayar da shi, wanda ya rantse a lokacin cewa ba su kai wata shida ba.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da haƙuri. An ƙera shi don mutum biyu, amma bai taɓa yin ƙorafi ba ranar da ya ɗauki huɗu da akuya. Shi ke kai man gyaɗa da ƙuli-ƙulin Nasira, matar Tasi'u, kasuwanni uku a mako, kuma da abin da yake dawowa da shi ake ɗora tukunya a gidan. Ya kai masu naƙuda likita, ya kai gawa biyu ƙauyensu a zaune, ya kai ango ɗaurin aure ya dawo da shi da mata. Yashin da ke tsayar da motar kasuwa har fasinjoji su sauka su tura, shi da wasa yake ratsa shi, daga nan ya samo sunansa. Bai san girman kai ba. Ko a gaban jandarma, in aka nemi takardunsa, yakan yi shiru ya sunkuyar da fitila, ya bar maigidansa ya yi bayani.

Mutanen unguwa ba za su manta muryarsa ba. Da safe yakan fara da “kaf, kaf, kaf,” kamar dattijo mai gyaran murya, sai “burrr” wadda ke tashe kajin maƙwabta. Hon ɗinsa ya daɗe da shaƙewa, abin da ke fita “fiii” ne siriri, amma Nasira na jin sa tun daga bakin gari, ta ɗora ruwan tuwo.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne a shekarar da isansi, wato man fetur, ya yi tsada. Tasi'u, wanda a da yake cika tanki har ya tumbatsa don mutane su gani, ya koma zuba rabin kwalba, yana girgiza marigayin don man ya kai inda ake buƙata. Cikin da ba a cikawa iska ke zama a cikinsa, iskar damina kuwa da laima take tafe. Ga kuma wani mai sayar da man kwalba a bakin hanya, wanda ba za a ambaci sunansa ba saboda alfarmar makoki, da ya ɗauki shekara yana shayar da marigayin abin da rabinsa daga rijiya ya fito. Ga masu aro, waɗanda ke karɓar sa da mai su dawo da shi da godiya. Da aka shiga damina ta bana Tasi'u ya jingine shi a zaure wata biyu ya tafi noman aya, zauren kuwa yana yoyo daidai kan murfin tanki.

Da kaka ta yi aka fito da shi, sai aka ga ya canza. Zai yi tafiyar kilomita biyu ya ce “tuf, tuf,” ya tsaya. A busa tiyo, a goge buji mai ba injin wuta, ya ƙara biyu ya sake tsayawa. Tasi'u ya haska tocila a cikin tanki, ya ga ciki ya yi ja kamar tsohuwar tukunyar kunun kanwa, ɓarɓashi na yawo a cikin man. 

An kai marigayin wurin Sale bakanike, mutumin da ya shekara ashirin yana duba irinsa. Sale ya ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa, ya saurara, ya ce ƙarfen ya yi laushi daga ƙasa, a wanke shi sama-sama a sa matacin mai, ko kuma a nemo tankin gwanjo a sauya. Tasi'u ya ji wannan magana kamar an zagi mahaifinsa. A jikin tankin nan ne aka rubuta sunan marigayin da jan fenti, a kansa ne 'yarsa Sumaiya ke zama in zai kai ta lakol karatu. Ya ce babur da cikin wani ba nasa ba ne, ya turo abinsa gida.

Daga nan aka shiga hannun masana. Majalisar mai shayi ta zauna kwana biyu a kan lamarin, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce bai sani ba. An fara da tsamiya: aka jiƙa kwano guda, aka ɗura wa tankin, aka bar shi a rana kwana uku. Tsatsa ta ragu, gidan ya ɗauki ƙamshin kunu, Nasira ta nemi tsamiyarta ta rasa. Sai aka ce tsakuwa ce maganin. Aka zuba tsakuwa da tsofaffin ƙusoshi, aka naɗe tankin da tabarma, aka ɗaure shi a jikin ƙafar amalanken jaki, aka je gona aka dawo sau huɗu yana “ƙwaram, ƙwaram” har yara suka biyo shi suna tsammani biki ake. Abin da ya fito ya cika gwangwani biyu. Duk da haka in an haska tocila, akwai sauran ja a lunguna.

A nan ne Ashiru, mijin ƙanwar Tasi'u, ya iso daga Sae Sabuwa. Ashiru ya taɓa yin kwana arba'in a wani gareji a Maraɗi, kuma har yau iyali ba su tabbatar ko gyara ya koya ko gadi ya yi ba. Ya duba aikin da aka yi, ya yi murmushin tausayi, ya ce tsamiya da tsakuwa wasan ƙauye ne, a birni ruwan batir ake sawa. Ya ce minti goma ya isa. Aka ɗura, aka toshe, sai aka kira shi cin tuwo. Bayan tuwo aka kawo fura, bayan fura hira ta yi daɗi, aka shiga labarin yadda ya taɓa tayar da tirela da igiyar guga. Ba a tuna da majinyaci ba sai da aka kira la'asar.

Gaskiya ɗaya ce, kuma iyali na son a rubuta ta: maganin ya ci. Da aka ɗauraye tankin, cikinsa ya fito fes, yana ƙyalli kamar sabon kwanon amarya. Tasi'u ya zaga da shi majalisa, kowa ya leƙa ya yi kabbara. Ya bi ta ƙofar Sale da gangan, ya miƙa masa. Sale ya ɗaga tankin sama, ya sa shi tsakaninsa da rana, ya daɗe yana kallo.

“Malam Tasi'u, tsatsar nan da ka kora, ita ce ke riƙe da shi,” in ji shi.

Tasi'u ya ɗauki wannan a matsayin hassada irin ta masu sana'a.

Ranar Talata ya mayar da tankin jikin marigayin, ya cika shi har wuya, karo na farko cikin shekara biyu. Bugu ɗaya marigayin ya tashi, da murya irin ta ƙuruciyarsa. Aka ɗaura masa bido, wato jarka, guda biyu na man gyaɗar Nasira, aikin mako guda na suya da matsa, da buhun ƙuli-ƙuli a sama. Tasi'u ya ji sanyi-sanyi a cinyarsa tun kafin ya fita gari, ya ce raɓa ce. Ya ji warin isansi, ya ce alamar ƙoshi ce. Ashe ƙasan tankin ya zama rariya, man na tsattsafowa ta ƙofofi masu yawa yana sauka kan inji mai zafi. Sun wuce rabin hanya, daidai wani gawo, marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba: “fuuu.”

Tasi'u ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi yana birgima, Allah ya tsare shi, wandon ne kawai bai tsira ba. Da ya miƙe ya yi ta watsa ƙasa da hannu biyu yana kiran sunan marigayin, har wutar ta kai ga bidunan mai. Daga nan sai ya ja da baya ya zauna. Wasu makiyaya da suka iso sun shaida cewa ba su taɓa jin mutuwa mai ƙamshin suya irin wannan ba. Da labari ya kai gida, Nasira ta fara tambayar ƙafar mijinta, aka ce lafiya. Ta yi hamdala. Sannan ta tambayi man gyaɗarta, aka yi shiru, kuma shirun nan bai bar gidan ba har yanzu.

Marigayin ya bar maigida ɗaya, da uwargida wadda ba ta da abin kai kaya kasuwa, da madubi guda da aka cire tun bara ana aski da shi, da makulli wanda Tasi'u ke ɗauke da shi a aljihu har yau yana shafawa. Ya bar masu aro goma sha bakwai, waɗanda tuni uku daga cikinsu suka zo gaisuwa suka tambaya ko akwai niyyar sayen wani. Ya bar Ashiru, wanda ya aiko da saƙo cewa aikinsa a kan tsatsa ne, kuma a duba a gani ko an samu tsatsa.

Za a ɗauko gawar da amalanke gobe da safe daga gindin gawon, a ajiye ta a zaure don masu son ganawa ta ƙarshe. Ba za a yi wanka ba, iyali na ganin wanda aka yi masa ya wadatar. Ranar kasuwa bayan azahar za a raka shi wurin mai sayen tsohon ƙarfe, wanda zai ɗora shi a sikeli gaban shaidu. Ana zaman makoki kwana uku a ƙofar gidan Malam Tasi'u, a kan tabarma, babu shayi. Ana roƙon duk mai zuwa ya taho da addu'arsa, ya bar shawararsa a gida.