Ɓarawon Buhunan Jinga

Duk garin da Allah ya so da alheri yakan ba shi mutum ɗaya da ya fi ƙarfinsa. Wani garin a ba shi malami, wani a ba shi attajiri. Mu a Haɗeja an ba mu Malam Abdulmannan Gwadabe, marubucin littattafan binciken laifi na matasa, wanda 'yan unguwarmu ke kira Bankaɗau idan ya ba da baya, Ranka-ya-daɗe idan ya juyo.

Ni da na yi karatu a makarantar mishan, inda ake dukan yatsun yaro a kan waƙafi ɗaya, ba na yabon mutum sai da hujja. To ga hujjar. Wata ƙungiyar marubuta a Abuja ta ba shi lambar yabo, wani ƙaton alƙalami da aka kafa a kan katako. Ya ce azurfa ce. Na ƙwanƙwasa da farce na ji amon gwangwani, amma na taya shi murna, domin ban san irin azurfar da ake yi yanzu ba. Tun ranar da ya dawo da ita bai sake tafiya irin ta mutane ba. Yakan sunkuya yana duban ƙasa, hannaye a baya, ko da masallaci za shi. Idan ka gaishe shi ba ya amsawa nan take. Sai ya dube ka daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Na gano daga kasuwar kifi kake." Kai kuwa ga kifin a hannunka yana ɗiga.

Babbar baiwarsa ita ce ba ya zuwa nesa neman mugu. Sunusi mahauci ya taɓa yanka masa nama mai yawan ƙashi. Littafi na fitowa sai ga wani mahauci mai irin gibin Sunusi da irin dariyarsa yana sa wa hedimasta guba a tsire. Badamasi tela ya jinkirta masa ɗinkin Sallah, sai ya tsinci kansa a babi na ƙarshe yana satar takardun jarrabawa. 'Yan sakandare suka riƙa zuwa ƙofar shagonsa a tawaga suna leƙe, suna raɗa. Daga nan unguwarmu ta zama unguwar da ta fi kowace ladabi a Jigawa. Ko tari Malam ya yi, sai ka ji sannu daga gidaje uku.

Sai damina ta yi nisa, kogi ya kawo. A zamaninmu ruwa yakan zo ya bar mana kifi da laka mai kyau, ya koma da mutuncinsa. Yanzu da ciyawar kacala ta toshe masa hanya, gidajenmu yake nema. Abin da ke tsakaninmu da shi jinga ce, tudun ƙasa da buhunan yashi da muka tayar a bayan unguwa. Tsarin kuwa tsoho ne: kowane gida da nasa yankin, kuma idan ruwa na ƙaruwa ba mai barin wurinsa, ko abinci sai dai a kai maka can.

Wata safiya aka ga buhunan ƙasa-ƙasa sun ragu a yankin gidan Zainaba, wata bazawara mai tuyar ƙosai da ɗakinta ya fi na kowa kusa da ruwa. Kowa ya san inda suka tafi. Ruwa ne ke cin ƙasa ta ƙarƙashi yana jan su, har ana hango ɗaya ya maƙale a kacala. Amma labari ya isa kunnen Bankaɗau, ya iso da lambar yabonsa a hammata.

Ya durƙusa, ya shinshina laka. Ya auna sawun wata akuya da ƙaramin yatsansa. Sannan ya miƙe ya yi jawabi.

"Jama'a, buhu ba shi da ƙafa. Duk inda abu ya ɓace, akwai hannu. Duk inda akwai hannu, akwai manufa. Na rubuta wannan tun a littafina na farko, kuma Abuja ta amince."

Mai unguwa Tukur ya yi gyaran murya. "Allah ya ƙara basira, Malam. Sai dai kamar ruwa ne ya ja su."

Bankaɗau ya yi murmushin tausayi. "Abin da ɓarawon yake so ka ce ke nan, Mai unguwa. Ka taɓa karanta littafin da aka kama kogi a ƙarshensa?"

Mai unguwa bai taɓa ba.

Nan take Malam ya sanar cewa bayan azahar duk mazan unguwa su hallara a falonsa. Ya ce ƙa'idar sana'a ce: ba a tona asiri a fili, sai an tara duk waɗanda ake zargi a ɗaki ɗaya an rufe ƙofa.

"Malam, ruwa fa yana ƙaruwa," in ji Mai unguwa. "Wa zai tsare jingar?"

"Wanda bai zo ba ya amsa laifinsa da bakinsa. Kuma zan tabbatar jikokinsa sun karanta a aji."

Mutum yakan sake gina ɗaki idan ya rushe. Amma duk mun ga abin da ya sami Badamasi tela. Muka ajiye shebur muka tafi, har da ni da sandata. Mata kaɗai aka bari, domin Malam ya yi bayani cewa nazarinsa ya nuna ba su da zurfin tunanin da babban laifi ke buƙata.

Ya kulle ƙofa, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya ɗora lambar yabo a kan tebur tana fuskantarmu. Muka zaci zai fara da buhuna. Ya fara da haihuwarsa. Ya gaya mana yadda tun yana goye ya gano wanda ke shanye masa kunu. Ya bi ta firamare, ya bi ta sakandare, ya yada zango a Abuja, inda ya maimaita mana jawabinsa na karɓar lamba har da wuraren da aka yi tafi. Da ya isa wurin tafin sai ya dakata, muka gane, muka yi.

Ana cikin haka tabarma ta fara sanyi. Wani siririn ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya zagaya ƙafar tebur, ya kwashi takalmin Sunusi ya yi kusurwa da shi. Muttaka mai amalanke, wanda shi kaɗai ke ɗauko mana yashi, ya miƙe.

"Malam, don girman Allah, shanuna na can a ɗaure, ga jinga..."

"Zauna!" in ji Bankaɗau, idonsa na ƙyalli. "Kun lura? Gumi yake yi. A rubuta."

Ba mai rubutawa, amma Muttaka ya zauna a cikin ruwan. Malam ya hau tebur domin kada babbar rigarsa ta jiƙe, ya ci gaba daga sama. Ya zargi liman saboda yawan shirunsa. Ya zargi ladan saboda yawan maganarsa. Ni ya zarge ni saboda na iya rubutu mai kyau, wanda ya ce alama ce ta mai ɓoye abu. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Muna ta salati a ciki, kowa na tunanin ɗakinsa da hatsinsa.

Sai ruwan ya tsaya. Can kuma ya fara ja da baya.

"Kun gani?" in ji Malam. "Asiri ya kusa tonuwa, har abubuwa sun fara komawa wurinsu."

Mai unguwa bai jira ƙarshen jimlar ba. Ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar, muka ruga.

Abin da ya faru shi ne, jinga ta ɓalle daidai yankin Zainaba. Ta yi kururuwa, mata suka fito. Ga buhuna a tare amma ba yashi, tunda mai amalanken yana hannun bincike. Sai Safara'u, matar Malam, ta ce, "Yaya Zainaba, ku biyo ni. Akwai abin da ya fi yashi nauyi a gidanmu." Ta bi da su ta ƙofar baya, ta buɗe wani ɗaki. Littattafan Malam ne a kwali-kwali har rufi, waɗanda ya shaida wa gidan rediyo cewa sun ƙare a kasuwa. Ashe kwafi ɗaya ne ke yawo hannu zuwa hannu a kowace makaranta. Mata suka ɗura su a buhuna, suka ɗauka a ka, suka jera a bakin ɓarakar. Takarda ta sha ruwa ta kumbura, ta toshe kowace kafa. Na ga jinga iri-iri tun ina yaro, ban taɓa ganin wadda ta kama haka ba.

Malam ya iso daga baya, riƙe da gefen riga. Wani shafi ya zo yana iyo ya manne masa a ƙafa. Ya ɗauka, ya karanta, ya gane rubutunsa ne. Har na fara jin tausayinsa. Sai ya ɗaga kai.

"A duk faɗin Afirka," in ji shi, "a nuna mini marubucin da alƙalaminsa ya tsayar da kogi."

Bayan ruwa ya janye, Mai unguwa ya jagoranci dattawa zuwa gidan Malam. Ya ce unguwa na neman alfarma: littafi na gaba a ƙara masa kauri, a buga shi da yawa, kuma ya fito kafin damina. Malam ya share ƙwalla, ya ce dama ya san wata rana Haɗeja za ta gane darajar adabi.

Zainaba ba ta sami zuwa ba, tana tuya, amma ta aiko da gyara. Ita ce mai sharhi ta farko da duk ayyukansa suka bi ta hannunta, don haka maganarta abar ji ce. Ta ce littattafan ba laifi, sai dai don Allah a daina sa musu bango mai sheƙi, ba ya shan ruwa.