Ranar da Gwamnati Ta Gyara Mini Mota

Alhamis ɗin makon jiya gwamnati ta gyara mini mota, kyauta, a ƙofar gidana, kuma har yau ban huce ba. Ku gyara zama, jama'a, domin maganar tana da ɗan tsawo.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sila kafinta na nan Tanut, mai tsohuwar a-kori-kurar nan da ake kira Gwaggo. Shekara biyu ke nan tana fama da wata cuta da ta gagari kowa. Da safe takan tashi garau, ta bar gari tana rawar jiki, amma da ta ci kilomita talatin sai ta fara tari, ta yi shaƙuwa biyu, ta mutu a tsakiyar hanya. In sauko in zagaya ta, in yi ƴan dube-dubena, in zauna a inuwa. Can an jima in murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba, ta sake cin wani talatin ɗin.

Babu wanda bai duba ta ba. Maƙwabcina Idrisa, mai babbar motar ɗaukar gero, ya rantse buji ne, na sauya buji. Wani makanike da ya yi koyo a Kano ya ce karbireta ce, ya kwance ta, ya wanke, ya mayar, har ya ba ni ƙananan ƙarafa uku da suka yi saura, ya ce dama turawa kan zuba su ne don ado. Wani Buzu da ya tarar da ni a hanyar Olelewa ya leƙa injin ya daɗe, sannan ya ce da raƙumarsa ce da sai ya ce kewar gida take. Fastonmu ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, injin ya ƙone shi. Matata Hulda kuwa ta ce babu wata cuta, halin mai ita ta ɗauko, aiki kaɗan hutu da yawa.

To, da wannan motar na yi wa ɗiyata Anna alkawari. Ranar Asabar da azahar za a ɗaura aurenta da Yunana, wani malamin lakkol, wato makarantar boko, a majami'ar Damagaram, ni kuma na faɗa mata da bakina cewa a motar ubanta za ta tafi. Na gama lissafina tsaf. Mu tashi Juma'a da sassafe, Gwaggo ta mutu sau huɗu ko biyar yadda ta saba, mu isa da rana tsaka ko da la'asar, amarya ta kwana ta huta.

Ranar Laraba sai ga mai shela yana zagaya kasuwa. Wai wani babban baƙo zai zo Juma'a ya buɗe mana famfo. Ruwan bai iso ba tukuna, amma allon da aka rubuta sunan baƙon ya iso, kuma allo ne mai kyau, ni kafinta ne na san aiki. Sannan wai Mai Girma Sarkin Hatimi, Allah ya ƙara wa tawadarsa albarka, ya ba da umarni cewa duk motar da ke motsi a garin nan a kai ta harabar biro tun Alhamis, domin ranar Asabar a raka baƙo Damagaram a jere, mutanen can su ga yadda Damargu ke ƙaunarsa.

Kafin la'asar annoba ta faɗa wa motocin Tanut. Wanda na gani da idona yana gudu da safe, da yamma ya ce rabon motarsa da tashi tun damina. Wani ya cire tayoyi biyu ya ɗora gindin motar a kan turmin matarsa. Idrisa ya kwance buji ya tura cikin rumbu, ya watsa wa motar ƙasa da kashin kaji don ta yi kama da wadda aka manta. Ni kuwa ko gezau. Na zauna a ƙofar gida ina shan shayi ina yi musu dariya, domin tawa cutar ta gaskiya ce, kuma rabin ƙasar nan shaidu ne.

Alhamis da hantsi sai ga Attahir, makaniken biro, tare da wani magatakarda mai riƙe da babban littafi. Wannan Attahir, jama'a, ban san yadda aka yi ya faɗa aikin gwamnati ba, domin ya san aikinsa. Da ya je wajen Idrisa bai ko buɗe injin da kyau ba. Ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce in ba damuwa a duba masa cikin rumbu, na biyu daga hagu, inda sawun ƙafa yake sabo. Mai turmi kuma aka ce ya mayar wa baiwar Allah turminta ta samu ta yi daka.

Da suka iso kaina na tarbe su da fara'a, har da ba su kujera. Na zayyana wa Attahir tarihin cutar tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Baba, idan ta mutu, mene ne abin da kuke fara yi?"

Na ce ina buɗe tanki in zura kara in ga ko isansi ne ya ƙare, kuma kullum da saura.

"Idan kun buɗe, takan yi wani ƙara?"

Na ce takan ja dogon numfashi kamar tsohuwar da ta sauke tulu, ni kuwa na ɗauka ƙorafi ne irin na masu shekaru.

Ya zagaya ya tsaya a bakin tankin. A nan sai na ji daɗi, domin abin alfaharina ke wurin. Murfin asali ya faɗi shekara biyu da suka wuce, ni kuma na zauna na sassaƙa wani da itacen aduwa, na naɗe shi da fatar akuya, na goge shi ya zauna ɗas. Na ce masa ya duba da kyau, ko ƙwayar rairayi ɗaya ba ta isa ta shiga ba.

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Ko iska ma ba ta shiga."

Ya bayyana mini a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Wai idan isansi na fita daga tanki dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba ta samu hanya ba sai tankin ya riƙe man ya hana injin. Duk lokacin da na buɗe don in zura karana, ni ne nake ba ta numfashi ban sani ba. Ya karɓi ƙusa da guduma daga hannuna, kayan aikina, ya huda murfin sau ɗaya. Shi ke nan gyaran.

Shekara biyu, jama'a. Hulda tana tsaye a bakin zaure ta ji komai, ba ta ce uffan ba, sai dai ta juya ta shige ciki kafaɗunta na rawa. Magatakarda ya rubuta cewa motar Sila lafiyarta ƙalau, ya miƙo hannu a ba shi makulli.

Nan dariya ta ƙare mini. Duk motocin gari an kwashe, babu wadda za ta je Damagaram kafin Asabar sai a bayan baƙo. Na roƙi magatakarda, ya ce shi rubutu kawai ya sani. Na je biro, aka ce Mai Girma yana taro a kan yadda za a tsara tafi. Na dawo na tarar da Anna zaune da rigar aurenta a cinya tana ƙarasa ɗinkin hannun. Ba ta yi kuka ba, ta ce kawai, "Ba komai, Baba." Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Juma'a da yamma, bayan an buɗe famfo an rufe, Attahir ya biyo ta shagona kamar mai neman aron zarto. Yana duban katako ya ce takardar umarni ta ce kowane mai mota shi zai tuƙa abarsa, kuma ya cika ta da jama'a masu murna cikin tufafi masu kyau. Ya ce ya karanta takardar sau uku bai ga inda aka faɗi sunayen masu murnar ba. Ya ajiye zarton ya tafi.

Asabar da sassafe na isa harabar biro da mutum goma sha huɗu. Matan zumunta cikin anko, ƙannen Hulda, tukwane biyu na kayan gara a lulluɓe, ga amarya cikin farar riga a gaba tsakanina da uwarta. Aka cika wa Gwaggo tanki fal da isansin gwamnati, ni da na saba kwana biyu a layi kafin in samu na zuwa gona. Mai Girma ya fito duba jeri, ya wuce motocin da aka cika da mutanen da aka taso daga barci suna hamma, ya iso kanmu ya tsaya. Ya ce ga talakawa masu kishi, ga waɗanda suka san darajar baƙo, musamman wannan yarinya da ta yi farar shiga. Ya ba da umarni a sa mu na huɗu, daf da motocin manya uku. Sannan ya ɗaga murya ya ja wa direbobi kunne: kowa ya bi motar da ke gabansa, ba tsayawa, ba tambaya, ba dabara.

Gwaggo kuwa sai ka ce an mayar da ita budurwa. Muka wuce kilomita talatin ko tari ba ta yi ba, na ji kamar in sauka in ba ta haƙuri. Matan baya suka ɓarke da waƙoƙin majami'a, aka ce baƙo ya leƙo ta taga ya ɗaga musu hannu, ya ce a rubuta masa baitin don ya ji ana ta ambaton mai ceto.

Rana ta kusa tsaka muka shiga Damagaram. A mararrabar farko, hanyar dama ta nufi filin da za a yi jawabai, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin filin nan ya san ba a tashi sai la'asar sakaliya. Hanyar hagu ita ce ta majami'a. Motocin manya suka karya dama. Hannuna ya yi sanyi a kan sitiyari, don ni ba jarumi ba ne, ko mai karɓar haraji na gani gaisuwa biyu nake yi masa. Sai Anna ta taɓa hannun rigata.

"Baba, Yunana yana jira."

Na karya hagu.

Gwaggo ba ta da madubi, saboda haka ban san abin da ke bayana ba sai da na tsaya a ƙofar majami'a na sauko. Mota goma sha bakwai, jama'a. Duk sun biyo ni, ba tsayawa, ba tambaya, ba dabara. Ga motar makaɗa, ga motar kujeru, ga ta Idrisa cike da mutane riƙe da ƙyallen da aka rubuta barka da zuwa. Makaɗa da suka ga taro a tsaye sai suka ɗauka an iso, suka saki kiɗa. Fasto ya fito a guje da littafinsa, ango ya yi tsaye baki buɗe. Idrisa ya sauko ya dubi ginin, ya dube ni, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce tunda Allah ya kawo su, kuma Anna a gabansu ta girma, babu inda za su sai sun ci tuwon biki. Aka sauke kujerun gwamnati a gindin bishiya.

Da na kama hannun ɗiyata na shiga da ita, na ga yadda take murmushi tana kallon ƙasa, hawaye ya zubo mini a gaban kowa, kuma ban ji kunya ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da aka haife ni.

Litinin aka kira ni biro. An ce baƙo ya isa fili da mota uku, ya yi jawabi ga mutanen da ke tsaye don babu kujera. Mai Girma ya tambaye ni da izinin wa na karkatar da ayarin hukuma. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, ni kaɗai na ɓata hanya, tsufa ne. Sauran kuwa umarninka suka bi, kuma tun da nake ban taɓa ganin mutanen Damargu sun bi umarni sau da ƙafa kamar ranar ba, ya kamata a rubuta a yaba maka. Ya daɗe yana kallona yana neman inda zagin yake, bai samu ba. Sai ya buga hatimi ya ce an tsare motar har sai abin da hali ya yi.

Hulda ta ce in bar su da ita, mota ta kai ƴarmu ɗakinta, ta gama mana aiki. Na yarda, ko da yake ƙafafuna ba su yarda ba. Jiya kuma Attahir ya raɗa mini cewa cikin motoci tara da ke harabar biro, Gwaggo kaɗai ke tashi, don haka ita ke kai Mai Girma aiki yanzu, an ma ɗaura mata ƴar tuta a hanci. Ta wuce ni a bakin kasuwa na cire hula na gaishe ta.

Abu ɗaya na manta ban faɗa musu ba. Ƙofar gefen fasinja ba ta buɗuwa ta ciki. Saboda haka in kun ga Mai Girma ya daɗe zaune a mota a ƙofar biro, fuska a murtuke, kada ku ce tunanin talakawa yake. Don Allah wani ya matsa ya buɗe masa.